Makullin Kejin Ɓerayen Masar

Ƙofar Dumi, Bauchi.

Zuwa ga Yayata Khadijatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Alhaji da yara. Yaya gwiwar, da damshin Fatakwal da kike cewa yana tayar miki da ita? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ce. Mu nan sai godiya. Malam yana nan da karatunsa, Fatimatuzzahra ta kai izu arba'in. Sabitu ne zai kawo miki wannan tare da ƙullin kuka da daddawa. Na rubuta ne domin sau biyu ina ɗaukar waya in kira ki, sai bakina ya yi nauyi.

Ranar Juma'a kin tambaye ni abin da zai hana 'yarki Sauda zuwa gida hutu, kuma na ji a muryarki kina zargin ko wani ne ya ɗauke mata hankali. Yaya, ki cire wannan a ranki. Babu wani saurayi. Aikinta na kammala jami'a ne ya ɓaci, kuma ni na ɓata shi.

Kin san tun bayan ƙaramar Sallah ta kawo ɓerayen Masar gidan nan, ita ma ta dawo wurinmu da zama, saboda ba a barin dabba a ɗakin kwanan ɗalibai. Ta yi musu babban keji a bayan madafa, ta zuba goma sha biyu, maza da mata, manya da yara. A gefe kuma ta ajiye ƙananan keji uku, kowanne da ɗan saurayin namiji da mace ɗaya tal. Da na tambaya, ta ce wai jikin dabba yana fitar da wani sinadari idan hankalinta ya tashi, kuma ana iya auna shi a cikin kashinta. Ta ce namijin da ya tashi cikin jama'a, manya suna korarsa yana koyon inda zai tsaya, idan ya girma ya gamu da baƙo sai su daidaita ba tare da jini ba. Wanda ya tashi daga shi sai matarsa kuwa, ran da ya ga baƙon namiji sai faɗa, sinadarin ya hau ya ƙi sauka, har ya daina cin abinci. Abin da take so ta gani da idonta ke nan. Na ce to, amma zuciyata ba ta ce to ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abokiyar aikinta, wata yarinya Phoebe da ke zaune a Gwallameji. Duk Talata da Asabar sai ta zo da ɗan cokali ta kwashi kashinsu, ta zuba a ƙananan kwalabe, ta yi rubutu a jiki, ta sa a kula mai ƙanƙara ta tafi da su. Wata rana na leƙa ta taga na ga ta datse wa ɗaya gashin baya da almakashi. Sauda ta ce shaida ce don kada su rikice. Amma ni da ke mun taso muna jin abin da ake haɗawa da gashi da kashin dabba a kwalba. Yarinyar tana durƙusawa ta gaishe ni, tana ce mini Mama, ni kuwa ina kallon jakarta. Har na ja Sauda gefe na ce ta sa ido a kan ƙawar nan tata, ba kowa ke son ka riga shi gamawa ba. Ta yi dariya ta ce Inna ke nan. Ashe maganar ta zauna mata.

A cikin ukun nan akwai wani mai ruwan toka, ita tana ce masa lamba uku, ni ina ce masa Ɗan Toka. Kejinsa ne ke kusa da babban, kullum yana manne da waya yana jin 'yan uwansa suna kuka-kuka suna guje-guje. Idan na zo wucewa da tukunya sai in ji kamar ni ce na tsare shi. A gidana yake, kuma na san za a tambaye mu haƙƙin duk abin da muka kulle. Don haka idan Sauda ta tafi makaranta, da na idar da azahar sai in ɗauke shi in saka shi cikin jama'a, in mayar da shi kafin kiran la'asar. Kwanakin farko wani ƙaton baƙi yana bin sa yana kaɗa haƙora, daga baya ya koyi ba shi hanya, har suna cin ganyen kabeji wuri ɗaya. Mako biyar ina haka. Wallahi ban ɗauka na taɓa aikinta ba, tunda ba na rage musu abinci, ba na taɓa kwalba. Amma yanzu da nake rubutawa na tambayi kaina: in da gaske ban ga laifi ba, me ya sa nake mayar da shi kafin ta dawo?

Ranar gwaji aka kawo baƙin maza. Na ɗaya da na biyu suka yi yadda ta faɗa, gashi ya miƙe, sai da aka raba su da kwali. Ɗan Toka kuwa ya shinshina baƙon, ya kauce masa, ya koma kan ciyawarsa. Da aka auna kwalabensa a makaranta, aka ga sinadarin nasa bai hau ba, kamar na 'yan babban keji. Sauda ta dawo ido jajir, ta ce wannan ba lamba uku ba ne, musanya shi aka yi, kuma mutum ɗaya ne ke buɗe kejin ban da ita. Ta ce ashe gaskiyata, ranar Litinin za ta kai ƙarar Phoebe gun malaminsu. Yaya, da na ji ta ce gaskiyata, sai na gane abin da na jawo. Za a ɓata sunan 'yar mutane da zaton da ni na shuka, a kan abin da hannuna ya yi.

Na zaunar da ita na faɗa mata komai. Ba ta ɗaga murya ba, kin san tarbiyyarki. Ta ɗauko littafinta kawai, ta tambaye ni kwana nawa, daga yaushe zuwa yaushe, na ƙirga mata, har da kwana biyun da na je suna ban fitar da shi ba. Malaminsu ya ce ɓeraye biyu ba su isa a kafa hujja ba, sai ta reni sababbi daga farko, wata uku ke nan. Shi ya sa ba za ki gan ta hutun nan ba. Washegarin ranar da na faɗa mata na hau keke har Gwallameji na roƙi Phoebe gafara. Ta ce ba ta ma san an zarge ta ba, ta kawo mini ruwa, na sha da ƙyar.

Don Allah idan Sauda ta kira ki, kada ki yi mata faɗa in kin ji ta yi mini sanyi-sanyi, da hujjarta. Ɗan Toka ta bar mini shi, yana babban keji. Sababbin ukun kuwa an sa musu kwaɗo, makulli ɗaya yana wuyan Sauda, ɗaya yana jakar Phoebe, jakar nan da nake ta kallo. Ni yanzu ta ɗaya gefen nake bi in shiga madafa, don kada in haɗa ido da su.

Ki gaishe mini da Alhaji, da Abdulbaqi da Khairat. Malam da Fatimatuzzahra suna gaishe ki. Ki yafe mini watanni ukun da na raba ki da 'yarki. Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki,
A'i