Injin Gudun da Ka Aiko wa Auta

Zuwa ga Babana,

Tun kafin gaisuwa ina gargaɗinka: in abinci ne a gabanka, ture shi gefe. Bayan haka, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da 'yan jikokina. Mu ma lafiya, sai dai takaici.

Injin gudun nan da ka aiko wa Auta don ya shirya wa gwajin shiga aikin kashe gobara, an gode, amma ya cuce shi. Wata da watanni yana kansa a falona, ga fanka, ido a talabijin, ya ƙanƙame ƙarfen injin da hannu biyu kamar mai koyon tafiya. Gumi ya yi ta zuba a darduma har ta yi tsami. Ƙawayena sun zo, na ga suna toshe hanci da bakin mayafi. Tawul ɗinsa kuwa da sanda na ɗauke shi.

Na gaya masa wanda ya rataya nauyinsa a ƙarfe ba ƙafarsa ce ke ɗauke da shi ba, kuma ƙasar Allah ba shimfiɗar roba ba ce. Ya ce wai kimiyya ce, ba zan gane ba.

Ranar gwaji na je da kaina. Fili ne mai tsakuwa, ga rana. Ana hura usur ya fita kamar an biyo shi, don bai iya auna gudunsa ba, inji ne ke auna masa. Can sai taku ya gajarce, hannuwa na laluben ƙarfen da babu. A wata kwanar filin ya turguɗe, ya durƙusa, ya kelaya amai a kan sabbin takalmansa. Matar da ke kusa da ni ta ce, ɗan wa ne wannan? Wallahi kau da kai na yi kamar ban san shi ba.

Sun ce saura masa dama ɗaya, in ya sake faɗuwa shekarunsa sun wuce. Na sa an kulle injin a ɗakin shirgi, makullin yana hannuna. Kada ka bugo min waya kana ba da haƙuri.

Ka gaida mutanen gidan, Allah ya yi muku albarka. In kun zo hutu ku ma dokar nan ta shafe ku: daga yau, duk mai son gudu a gidana ya buɗe ƙofa ya taka ƙasa, kuma ya wanke gumin a waje kafin ya taka min darduma.

Ni ce,
Mahaifiyarka.