Mama Babba Na Son Likitanci, Mama Ƙarama Na Gudun Jini

Anti Kerubo,

Don Allah ki taimake ni da shawara kafin ƙarshen watan nan, don a lokacin za a rufe damar canza kwasa-kwasan jami'a. Na rubuta wasiƙar nan na yaga, na sake rubutawa, har matata ta ce in ba aikawa zan yi ba in ba ta takardun ta hura wuta.

Ni mai awon ganyen shayi ne a wata rumfa kusa da garin Othaya. Daga sakandare na tsaya. 'Yata ta fari, Wacera, ta gama tata sakandaren bara, ta fito da B+. Lissafi A ta ci, labarin ƙasa ma ta yi ƙoƙari, bayoloji ne ya ja ta baya.

Sunan mahaifiyata ta ci, kamar kowace 'yar fari a al'adarmu, don haka tun tana goye Mama nake ce mata. Gidanmu akwai Mama Babba da Mama Ƙarama, kuma ban taɓa ɗaga wa ɗayansu murya ba. To nan matsalar take.

Tun ranar suna Mama Babba ta yanke cewa takwararta likita za ta zama. Ba ta ma cewa jikata za ta jami'a, cewa take, "Bana zan shiga jami'a." Matan ƙungiyarsu ta coci har Dakta suke kiranta, ita kuwa ta amsa tana gyara ɗankwali. Bara da makaranta ta ce yara su zaɓi kwasa-kwasai kafin jarrabawa, tsohuwar nan ta sa aka cika duk guraben da likitanci, jami'o'in ne kawai suka bambanta. Ta ce in ka rubuta wani abu a ƙasa ka nuna wa Allah kana shakka, gwamnati kuma ta gane kana da araha ta ba ka na ƙasan. Gaskiya a lokacin na ga kamar maganar tana da ma'ana.

Yanzu na samo makin da aka tsaya a kai a shekarun baya, na gwada da nata. Kullum da yamma, in na gama rubuta abin da ya faru a yini kamar yadda na saba, sai in sake lissafawa. Ta kowace hanya na bi ba ta kai ba, kuma da nisa. Sai dai ban yarda da lissafina ba. Mutumin da bai taɓa taka jami'a ba, me ya sani? Wataƙila akwai abin da ake ƙara wa 'yan mata ko 'yan makarantun karkara wanda ban ji ba.

Ga wani abin kuma. Yarinyar nan ba ta iya ganin jini. Da Kirsimeti ana yanka akuya, a bayan tankin ruwa muka same ta ta rufe ido ta toshe kunne. Abin da take so awon ƙasa ne, irin masu zuwa da na'ura mai ƙafa uku su fitar da iyakar gona. A hanyar kasuwa ta gaya min, ta ƙara da cewa, "Baba, kai ne ɗanta, kai za ka faɗa mata." Na je. Tsohuwa ta zuba min shayi, na fara, "Mama, maganar makin nan..." sai ta ce, "Kai, tun kana firamare lamba take ba ka tsoro. Sha shayinka kada ya huce." Na sha na dawo. Matata Nyawira kuwa dariya ta yi ta ce, "Duk iyayenka ne, kada ka sa ni a ciki, ni auro ni aka yi."

Tsohuwa ta riga ta sanar da ranar godiya a coci, tana ta ɗura wa wani bunsuru dusa. Tana da hawan jini, ina tsoron ɓata mata rai. Ina kuma tsoron yarinya ta rasa gurbi ta zauna a gida tana kallon ƙawayenta suna tafiya. Shin in sa ta canza a ɓoye, in sakamakon rabon gurabe ya fito mu ce gwamnati ce ta zaɓa mata? Ko in bar shi haka, ko Allah zai yi ikonsa?

Mai uwa biyu, Othaya

Amsar Anti Kerubo

Mai uwa biyu, sannu da ƙoƙari, kuma ka daina zargin lissafinka, daidai yake. Likitanci a jami'ar gwamnati masu A ne suke cinye shi, su ma ba duka ba. Sassaucin da kake fata, in ma ya shafe ta, ɗan kaɗan ne, ba zai cike wannan ramin ba. Masu rabon gurabe maki suke jerawa daga sama zuwa ƙasa. Zaɓi na biyu ba ya rage wa na farko daraja, kuma babu mai duba takarda ya ce wannan tana da araha. In kuka bar guraben yadda suke, abin da ya fi kusa shi ne ta tashi babu ko ɗaya, ta koma jiran ragowar da wasu suka bari.

Amma B+ da A a lissafi ba abin sunkuyar da kai ba ne. Tana da dama mai kyau a awon ƙasa, ko da yake ba zan yi maka alkawari ba, don makin yana motsi kowace shekara. Ku je wurin malamin da ke ba da shawarar kwasa-kwasai a makarantarsu, a jera awon ƙasa a jami'o'i dabam-dabam, a bar na ƙarshe ga wani kwas mai kama da shi wanda makinta ya wuce sosai. Wasu za su ce a bar likitanci a sama don faranta wa tsohuwa. Ni ban ga amfanin neman abin da yarinya ba ta so ba.

Batun ɓoyewa kuwa, a'a. Za ka ɗora wa Wacera ƙaryar da za ta yi ta riƙo duk hutun da ta zo gida. Ka kuma yi wa mahaifiyarka adalci. Ba taurin kai kaɗai ke damunta ba, ta riga ta yi magana a gaban mata, abin da take bukata shi ne lokacin da za ta gyara zancen da bakinta kafin ranar godiya. In ta ji yanzu, cikin natsuwa, bayan ta sha maganinta, ya fi mata sauƙi nesa ba kusa ba a kan ta ji a bakin wata a ƙofar coci.

Sai dai ba kai za ka faɗa ba, mun ga yadda taka ta ƙare. Jika tana da bakin da ɗa ba shi da shi, balle takwara. Wacera ta faɗa da kanta, kai ka zauna kusa da ita, kada ka tashi ko an kore ka. Ta yarda ko ba ta yarda ba, a canza kafin a rufe. Fushin tsohuwa na 'yan kwanaki ne, yarinya kuwa wannan aikin za ta riƙa tashi tana tafiya har ita ma ta yi jikoki.

Allah ya ba Wacera gurbin da take so, ya ƙara wa Mama Babba lafiya, kai kuma ya ba ka ƙarfin zama a kujerar nan har a gama magana.