Naman Kazan da Inna Ta Shanya

Largo, Maryland
Satumba, 2013

Yaya Habibatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya maigidan da yara? Ya ciwon bayan naki? Inna ta iso lafiya, har jikarta Afnan ta fara yi wa kowa ƙyuya sai ita.

Kin ce in daina ce miki "bincike", in faɗi abin da nake yi. To, Yaya, naman kaza nake tsinta, wato laimar kwaɗi, yi dariyarki. Da asuba nake kama hanyar duwatsun Shenandoah, in wuni a durƙushe cikin jiƙaƙƙen ganye. Duk wanda na samu sai in tono shi da gindinsa da ƙasarsa, in rubuta inda ya tsiro da bishiyar da ke kansa, in naɗe shi a takardarsa shi kaɗai. In ya rabu da takardar nan ya zama shara.

Wallahi na gaji, gwiwoyina kamar ba nawa ba. Malamina ya ce kakar bana ce ta ƙarshe, in tarin bai kammala ba an rufe maganar digirin. Da Inna ba ta zo ta riƙe min Afnan ba, ban san yadda zan yi ba.

Ki gaida kowa.
Ƙanwarki, Rumasa'u


Largo, Maryland
Nuwamba, 2013

Yaya Habibatu,

Salamun alaikum, da fatan kuna lafiya. Mu ma lafiya, sai dai abin da ba a rasa ba.

Na'urar busarwata ta lalace, sai na jera tsintar bana duka a ɗakin baƙi kafin a gyara. Na gaya wa Inna ba na ci ba ne, wasu ma guba ne. Ban ce kada a taɓa ba. Kin san Inna da shanya. Ina jami'a ta ji ɗakin yana warin danshi, ta kwance ƙullin ɗaya bayan ɗaya, ta wanke ƙasar tas, ta yanke gindin, ta yayyanka su kamar kuɓewa, ta baza a kan zaninta a baranda. Takardun kuwa ta miƙe su ta adana cikin jakarta, wai ba a zubar da rubutu.

Na dawo na tarar da ita fuska fal murna, tana nuna min yadda suka bushe ƙayau. Na ce mata sannu da aiki, na shige banɗaki na yi kukana.

Ranar Asabar na koma dutsen. Sanyi ya sauka, ƙasa ta daskare, ban samo ko ɗaya ba. Malamina ya jajanta min sosai, amma maganarsa tana nan.

Inna dai ta gane daga idona. Jiya na same ta zaune da takardun a cinya, tana ɗora kowace a kan guntun naman kazan da ta ga ya dace, ita da ba ta karanta boko. Ta ce, "Baɗi ai za su sake tsirowa. Zan dawo in riƙe miki yarinyar, ba zan taɓa komai ba." Na ce to, Allah ya kai mu.

Don Allah, Yaya, in ta dawo gida kada ki gaya mata babu wani baɗi.

Ki sa ni a addu'a.
Ƙanwarki, Rumasa'u