Zuwa ga Baban Ummi, Wanda Ya Ce Mini Ya Daina Shan Suga

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Baban Ummi.

Bayan gaisuwar da ta dace daga mace zuwa ga maigidanta, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Mu nan Inkil lafiya lau. Na fita takaba, yara sun koma karatu. Akwai maganar da na daɗe ina danne ta a ƙirji, yau na ga gara in faɗa maka, ko da mutane za su karanta.

Ka tuna ranar da muka dawo daga asibiti? Likita ya ce suganka ya fara hawa, amma da sauran gyara. In ka rage zaƙi, kana taka ƙasa, mai yiwuwa ka tsira daga ciwon da ya kwantar da mahaifinka. Ka zauna a tabarma, hula a gwiwa, ka ce, "Rakiya, na ga yadda Baba ya ƙare. Wallahi ni da suga sai a Aljanna." Na yi dariya, na kuma yarda. Ban taɓa kama ka da ƙarya ba, to me zai sa in yi shakka?

Washegari na kwashe sugan gidan na ba maƙwabta. Ba kai kaɗai ba, dukanmu muka bari, don kada ka ga muna sha ranka ya biya. Na koyi tuƙa tuwon acca, ina zuwa har kasuwar Wunti neman mai kyau. Zoɓo sai citta da kanumfari. Masar safe da miyar taushe, ba a barbaɗa mata komai. Ummi ta yi kuka, Sadiƙu ya yi yajin shan koko. Kai kuwa ka kurɓi shayi, ka lumshe ido, ka ce, "Yanzu nake jin ɗanɗanon ganyen." Har alfahari nake da kai a gidan biki, ina ba matan wasu shawara.

Amma jikinka bai bi ba. Kana ramewa, ga ƙishirwa, ga yawan fita bayi. Sai kututturen dawa ya soke ka a gonar Miri, ɗan ciwon da ko ɗauri bai kai ba, ya ƙi warkewa. Aka cire yatsa. Daga baya aka cire ƙafar.

Ranar da likita ya ga sakamakon gwajinka, ni ya kalla, ba kai ba. Ya ce, "Hajiya, me kike ba shi a gida?" Na faɗa masa komai. Ya girgiza kai irin na wanda bai gamsu ba. Kana kwance kana jin mu, ka juya fuskarka bango. Yayarka Asabe kuma, a gaban mutanen ɗakin, ta ce ni na hana ka abinci har jikinka ya lalace, wai ni mai jin maganar likita. Nan ma ba ka ce uffan ba. Na ɗauka zafin ciwo ne ya rufe maka baki.

Ana zaman makokinka wata mata ta shigo, ta yafa zane a ka, tana kuka na gaske. Ta ce ita ce Madam Ngozi, mai shago kusa da ofishinku a GRA. Ta durƙusa a gabana ta riƙe hannuna, ta ce da irin Hausarta, "Oga mutum mai kyau. Kullum ya zo shago na, ya sha lemo mai sanyi, ya sha shayi, suga ya ji sosai. Na ce Oga, ciwon fa? Ya ce likita ya sallame shi, ciwo ya tafi." Ita ta zo ne ta sanyaya mini zuciya.

Na ɗago na dubi Yaya Asabe, ta sunkuyar da kai. Da mutane suka watse ta amsa cewa duk zuwanka gidanta a Miri sai ta dama maka fura da suga, ta ajiye maka alkaki, wai tausayinka take ji. Abokan aikinka sun sani. Direban ofishinku ya sani. Ni da ke kwana ɗaki ɗaya da kai ce kawai ban sani ba.

Baban Ummi, ba kwaɗayin ne ya ƙona mini rai ba. Ni ma mutum ce, na san yadda kwalba mai raɓa take kiran ido a zafin Bauchi. Da ka dawo wata rana ka ce, "Rakiya, na kasa," da mun zauna mun nemi dabara, ko a rage kaɗan-kaɗan. Amma ka sha a waje, ka wanke baki, ka dawo ka ci tuwon accata kana sa mini albarka. Ka bari likita ya yi mini kallon maƙaryaciya. Ka bari na zauna a bakin gadonka ina tuhumar kaina, ko shinkafar Juma'a ce, ko dankalin nan ne. Kalma ɗaya daga bakinka da ta sauke mini wannan kayan.

Kuma abin bai tsaya a kanka ba. Kwanan baya na ga Sadiƙu, wanda yanzu ya kai tsawonka, da lemo a hannu. Na yi masa faɗa. Ya ce, "Umma, ai Baba ya daina shan suga, kuma bai hana ciwon kashe shi ba. Meye amfanin?" Ka ji abin da ka bar mini? Na so in rufa maka asiri a wurin 'ya'yanka har in mutu, amma ba zan sayi mutuncinka da ƙafar ɗana ba. Na zaunar da shi da Ummi, na faɗa musu komai. Sadiƙu ya tashi ya fita. Da ya dawo, shi da kansa ya ce mu je a gwada shi. Alhamdu lillahi, nasa lafiya lau.

Duk da haka ina kewarka. Ina kewar ƙarar mashin ɗinka a ƙofar gida, da yadda kake gyaran murya kafin ka yi sallama. Wani lokaci ina tunanin kunya ce ta ɗaure ka, ka ga na sa raina sosai, ka kasa kallon idona ka ce ka gaza. In haka ne, kaico, Malam, ai ni ce ta fi kowa iya ɗaukar gazawarka.

Lokacin da za a fita da kai, liman ya aiko a tambaye ni ko na yafe maka. Na ce na yafe duniya da lahira. A lokacin ban san komai ba. Yanzu na sani, kuma ba zan janye ba. Baki ya riga ya faɗa, zuciya ce take biyo shi a hankali.

Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya shayar da kai abin da ba ya cutarwa. Ya tsare mana yaran nan daga wannan ciwo, ni kuma Ya yaye mini wannan ɗacin kafin mu haɗu.

Matarka,
Rakiya, Maman Ummi.