Makullin da Aka Karɓe wa Baba

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ke da maigidanki da yara.

Liman ya kira ni. Ya ce tun ranar da Baba ya faɗi a matakalar masallaci kika karɓe makullin masallacin daga hannunsa kika mayar wa shi Liman ɗin. Shekara ashirin da biyu Baba ne ke buɗe ƙofar nan, shi ke share tabarmi. Wa kika shawarta? Aikin jinyar da kike yi a asibiti bai mai da ke uwarsa ba.

Ki gaishe shi.
Yayanki.

Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Na gode da ka tuna kana da uba.

Ni na ɗaga shi daga ƙasa, ni na wanke jinin. Ɗinki bakwai aka yi masa a goshi. Kai addu'a ka turo ta waya. Matakala huɗu ce, babu abin dafawa, ga ƙafarsa ta hagu tana ja. Yanzu a kan kujera yake salla a ɗakinsa. Hawan jini ya sauka, sukari daidai, magani kan lokaci. Me kuma kake so?

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka.

Likita,

Bayan gaisuwa, na karanta rahotonki. Jiya na kira Baba. "Lafiya lau," ya ce, "alhamdu lillahi," ya miƙa miki wayar. Mutumin da a da sai na yi ƙaryar caji ya ƙare kafin ya sake ni. Na'urarki tana auna wannan? Kin gyara jikin, kin karya mai shi. In ya tafi a haka, ki tanadi abin da za ki faɗa wa Allah.

Wassalam.
Yayanki.

Yaya,

Ina gaisuwa. Kada ka ƙara haɗa ni da Allah daga inda kake zaune.

Amma ba zan ɓoye maka ba, ya rage kilo huɗu a wata guda, kuma gwaji bai nuna komai ba. In aka kira salla sai ya laluba aljihu, sannan ya juya ya fuskanci bango. Na je wurin Liman. Ya riga ya ba telan layinmu makullin, kuma ya ce ba zai mayar ba sai an samu mai raka Baba sau biyar a rana. Ni ina aiki. Kai mai wa'azi, yaushe za ka zo?

Sai na ji daga gare ka.
Ƙanwarka.

Yaya,

Assalamu alaikum. Sati uku ke nan ban ji daga gare ka ba.

Makullin ya dawo wurin Baba. Ni nake riƙe hannunsa da asuba da magariba da isha'i, telan yana raka shi azahar da la'asar. Jiya ya nemi ƙarin abinci, har ya yi mini faɗa wai ban iya shara ba.

Ya tambaye ni ko ka ce za ka zo. Ban yi masa ƙarya ba.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka.