A Cire Kwaɗo, Littattafan Mohua Na Ciki

Daga:
Sabitri Pramanik,
Gida na 14, Layin Bayan Tafki,
Unguwa ta Shida, Shiulidanga.

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukumar Shiulidanga,
Bengal ta Yamma.

Alhamis, 9 ga Fabrairu, 2023.

GAME DA: RUFE ƊAKIN KARATU NA UNGUWA TA SHIDA DA LITTATTAFAN 'YATA MARAR GANI A CIKI, GA JARRABAWA TA ƘARATO

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta ladabi da ban girma, ni ce mai sunan da ke sama, mai dafa abincin rana a firamaren unguwarmu, matar Haradhan Pramanik da ke aikin gini can nesa a jihar Kerala. Ban taɓa rubuta wa hukuma takarda ba, saboda haka in an ga kuskure a tsarinta a yi mini afuwa, a duba abin da ke ciki. Ƙorafina a kan 'yata Mohua ne, mai shekara goma sha shida, wadda ba ta gani tun tana ƙarama, kuma za ta fara jarrabawar kammala aji goma ranar 23 ga wannan wata.

1. Ranar Alhamis 26 ga Janairu aka yi bikin Uwa Saraswati, abar bautarmu ta ilimi, a ɗakin karatu na unguwarmu, kamar kowace shekara. Yara suka sa tufafi masu ruwan ɗorawa, suka kai littattafansu suka ajiye a ƙafafun mutum-mutuminta mai hannu huɗu don ta sa musu albarka. Mai Girma ya san ƙa'idar, tunda shi ma ya yi ƙuruciya a garin nan: littafin da aka ajiye ba a sake taɓa shi sai washegari, bayan mai jagorantar ibada ya girgiza tulun ruwa ya sallami Uwar. Kowane yaro littafi ɗaya ya kai, wanda ya fi ba shi tsoro, yawanci lissafi. Mohua kuwa nata duka ta kwasa, har da allon ƙarfen da take rubutu da tsinkensa, sai da muka ɗauki keken kaya. Da matan layinmu suka yi mata tsiya cewa za ta binne ƙafafun Uwar, ta ce ita duk darussan tsoro suke ba ta, kuma mai hannu huɗu ba za ta rasa inda za ta riƙe ba. Kowa ya yi dariya, har da ni.

2. Ina roƙon Mai Girma ya fahimci irin littattafan nan. Ba a sayar da su a kasuwa. Rubutun makafi ne, ɗige-ɗige masu tudu da ake karantawa da yatsa. Shekara biyu ina karanta mata littattafan makaranta da baki in na dawo aiki, ita kuma tana hudawa harafi bayan harafi a bayan tsofaffin kalanda da maƙwabta suka tara mana. Ni na ɗinke su da zaren buhu. Babu kwafinsu a ko'ina a duniya.

3. Da safiyar Juma'a 27 ga Janairu, wani ɓangaren simintin barandar ɗakin karatun ya faɗo, ya lanƙwasa keken mai kawo jarida, bai taɓa kowa ba. Kafin mu gama haɗa kindirmo da dakakkiyar shinkafar sallamar Uwar, injiniyan gine-gine na Ƙaramar Hukuma, Nirmalendu Guchhait, ya iso da ma'aikata biyu, ya sa wa ƙofar gaba da ta baya kwaɗo, ya manna musu jan hatimi. Ba na musun aikinsa. Amma a cikin ladabi nake tunatarwa cewa barandar nan ta daɗe da tsagewa, mutanen unguwa sun gaji da kai kuka ba wanda ya leƙo, sai a wannan safiya hukuma ta koyi sauri. Na roƙe shi ya bar ni in shiga in kwaso kayan yarinyar kafin ya rufe. Ya ce: "Boudi, matar yaya, in rufin nan ya faɗo miki, ke gawarki za a ƙone, ni kuma a kore ni. Ki zo ofis ranar Litinin."

4. Ranar Litinin 30 ga Janairu na je, aka ce ya fita duba magudanar ruwa. Ranar Laraba 1 ga Fabrairu aka ce makullin yana wurin akawu. Akawun, wanda ba zan kama sunansa ba don yana da iyali, ya ce makulli yana hannunsa amma hatimi ba nasa ba ne. Ya ƙara da cewa: "Haba Didi, yayata, littafi na ƙafar Uwa Saraswati kina kuka? Ai 'yarki ta riga ta ci jarrabawa, mu namu kwana ɗaya kacal suka samu." Ofis ya ɗauki dariya. Na tsaya riƙe da lemata har suka gama, don ba ni da wani ofis ɗin da zan je. Ranar Juma'a 3 ga Fabrairu na samu injiniya Guchhait-babu da kansa. Ya ce ko da ya yarda ya buɗe, shi ba zai ɗauki alhakin janye littafi daga ƙafar Uwar ba alhali ba a sallame ta ba, yana da ɗa a aji tara, yana tsoron fushinta. In je in ga mai ibada.

5. Na je. Thakur-moshai, tsohon da ke jagorantar ibadarmu, ya ce ba ya iya sallamarta sai ya taɓa tulun, tulun kuwa yana bayan kwaɗo. Wato injiniya na jiran mai ibada, mai ibada na jiran injiniya, 'yata kuma na zaune hannu wofi. Na riƙe ƙafafun tsohon nan ina kuka har ya tausaya. Ranar Lahadi 5 ga Fabrairu ya zo da doguwar gora, ya zura ta tagar baya ya girgiza tulun, ya yi addu'o'in sallama daga cikin lungu, a gaban mutanen unguwa. Ta fuskar addini babu sauran abin da ya hana. Da na kai wannan labari ofis ranar Litinin 6 ga wata, aka shaida mini cewa magana ta koma hannun kwamitin duba gine-gine, wanda zai zauna ranar 10 ga Maris. Ranka ya daɗe, a ranar an gama jarrabawa.

6. Kullum in zan tafi aiki sai na leƙa ta tagar nan. Ayaba da gwaiba da lemon da aka ajiye wa Uwar sun ruɓe, ɓeraye sun samu gida. Furannin da aka zuba a kan littattafan sun narke sun manne, raɓa kuma na shiga ta tsagar rufi. Rubutun masu ido in ya jiƙe a shanya shi. Na 'yata in takarda ta yi laushi ɗigon kwanciya yake, shafin ya koma fili kamar ba a taɓa rubuta komai ba. Jiya na ga an ci gefen na sama, na tarihi ne, na gane shi da jan zaren. Da na dawo gida ta tambaye ni me na gani, na ce mata lafiya lau suke. Na san tana gane ƙarya a murya.

7. Ba mu zauna haka kawai ba. Malamarta ta aro mana wani allon daga Kolkata, ina karanta mata tana sake hudawa. Aikin shekara biyu ba ya yiwuwa a mako biyu. Tafin hannunta ya kumbura, yatsan da take karatu da shi ya yi kanta, ta ce haruffa sun fara ɓace mata a ƙarƙashinsa. Lissafi kuwa ba ya shiga ta kunne, ni ma aji takwas na tsaya. Har yau ta ƙi cin magarya, wadda ɗalibai ke ƙaurace wa sai an gama biki, wai ita nata bikin bai ƙare ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ta fara tambaya ko Uwar ce ta riƙe littattafan don ba ta so makauniya ta yi karatu. Na ce mata ba Uwar ba ce, kwaɗo ne. Ubanta bai sani ba, na ɓoye masa don kada ya bar aiki ya taho.

Bisa ga abin da ya gabata, ina roƙon Mai Girma, cikin ƙanƙan da kai, ya ba da umarnin a cire hatimin na ɗan lokacin da mutum ɗaya zai shiga ya fito. Ba na neman a tura ma'aikacin hukuma. Ni zan shiga, ta ƙofar baya inda babu baranda, kuma zan sa hannu a gaban shaidu cewa duk abin da ya same ni babu ruwan kowa. Ba na neman a hukunta kowa, ba na neman diyya. Zan kwaso na sauran yaran ma in an yarda.

In kuwa hakan bai samu ba zuwa ranar Litinin 13 ga Fabrairu, wajibi ne in sanar da Mai Girma tun yanzu, don kada a ce na yi a ɓoye, cewa washegari da safe zan fasa kwaɗon da hannuna. Na san laifi ne, ban kuma taɓa taka doka ba tun da nake. Adireshina yana sama, 'yan sanda ba za su wahala ba. Alfarma ɗaya kawai nake nema: a bari in kai mata littattafan gida tukuna, sannan a tafi da ni.

Ina jiran amsar Mai Girma da dukkan biyayya da girmamawa.

Taka mai ladabi,

Sabitri Pramanik,
Mahaifiyar Mohua Pramanik, 'yar aji goma.