Ƙaryar da na bari a littafin Madam Halina

Da sunan Allah mai rahama. Ni Alasan Ilya, ɗan Tahoua, mazaunin Guillotière a Lyon, na rubuta wannan da hankalina cif. Huhu ne ya gaji bayan shekara goma sha ɗaya a ma'aikatar Saint-Fons. Kaina bai gaji ba, bakina ma kun san halinsa. Affan da Hibatullah, kun yi ƙanana. Mamanku Rékia za ta karanta muku, in kun girma ku sake karantawa da kanku.

1. Littattafan da ke ƙarƙashin gado naku ne ku biyu, ba a raba su. Rubutun fensir da ke gefen shafuka na Madam Halina ne, tsohuwar da ta zauna a bene na uku, wadda takan ba ku tuffa. Kada ku goge.

'Yar Poland ce. Ta karanta lissafi a ƙasarsu, ta zo Paris ta karanta halayyar ɗan Adam, ta ƙare a falsafa. Shekara arba'in tana bin tambaya ɗaya: yaya lamba ke shiga kan yaro? Ni da na bar makaranta a aji biyar, ita kaɗai ta taɓa musu da ni kamar sa'anta. In na yi shirme sai ta ce shirme ne, ta miƙo littafi.

2. Ga nauyin da ke kaina. Wata rana ta tambaye ni yadda yaran garinmu ke koyon ƙirga. Na ga ta buɗe littafin rubutu, sai zuciya ta ɗebe ni. Na ce a raina, ashe ni ma ɓeran gwaji ne. Na shirga mata cewa a wajenmu daga goma ake fara koya wa yaro, ana ɗebe tsakuwa ɗaya-ɗaya har hannu ya zama wayam. Babu wannan a Tahoua, babu shi a ko'ina da na sani. A kujerarta na ƙirƙire shi.

Ta ajiye fensir, idonta ya kawo ruwa. Abin ya dace da tunanin da aka daɗe ana yi mata dariya a kansa. Ta gina babin ƙarshe na littafinta a kai, ta sa sunana, ta kira ni abokin aiki. Shekara biyu ina kai mata shayi, ban faɗa ba. Ni mai zagin kowa a tram, jirgin ƙasan cikin gari, na kasa furta kalma huɗu a gaban tsohuwa. Ta rasu tana gode mini.

3. Littafin yana hannun 'yar ƙanwarta a unguwar Belleville ta Paris, za a buga shi bayan azumi. Na rubuta gaskiya da Faransanci, tana cikin ambulan mai ruwan ƙasa. Ba ta gidan waya za ta bi ba. Baffanku Moctar zai kai da hannunsa, ya tsaya har a karanta. A cire babin, ko a bar shi da takardata a jiki. Kunyar tawa ce, kada a rage mata komai.

4. Moctar, na san ba mu magana tun ranar sunan Hibatullah, da na kira ka jahili a gaban baƙi. Ni ne jahilin. Ka yafe, ka hau jirgin Paris.

5. Rékia, allon dara na Affan ne, amma ya koya wa ƙanwarsa. Kada a cire ta daga makaranta don kowa.

Ku yara, kun gaji bakina, na ji shi tun yanzu. In mutum ya rubuta maganarku, ba lallai raini ba ne. Wani sa'in daraja ce, ni ban gane ba.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku, kada ku bari Lyon da Paris da Tahoua su raba ku. Ku riƙe mamanku, ku riƙe baffanku. Kuma duk wanda ya tambaye ku yadda ake ƙirga a garinmu, ku ce masa daga ɗaya ake farawa, kamar kowa.